Daga Kururuwa Zuwa 112: Wa Ke Biyan Kuɗin Kawo Ɗauki?

A wani dare na hunturun bara, wuta ta tashi a gidan da ke bayan gidan gwaggona a Bomo. Ihun "Gobara! Gobara!" ne ya tashe ni. Kafin in sa takalmi, samari sun fasa katangar baya, mata na miƙo bokitai daga rijiya, 'yan garuwa biyu sun turo kurarsu cike da jarkoki. Allah ya taƙaita, ɗakuna biyu suka ƙone, ba a rasa rai ba. Da gari ya waye muna zaune ana jajanta wa mai gidan, sai na lura kusan kowa a wurin yana riƙe da waya, amma babu wanda ya buga 112, lambar neman agajin gaggawa ta Najeriya. Da na tambaya, wasu ba su taɓa jin ta ba. Wani dattijo da ya san ta ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ka kira, wa zai zo? Kuma ta wace hanya?"

Waɗannan tambayoyi biyu ne suka mayar da ni ga tarihi. Abin da na taras shi ne, a duk inda aka kafa lambar gaggawa, ita lambar ce ɓangare mafi arha a cikin aikin. Tsadar tana can ɗaya gefen wayar: albashin mai ɗauka, man motar da za ta fito, ruwan da ke cikin tankinta, da gadon da za a kwantar da wanda aka ɗauko. Tarihin kiran gaggawa, in aka bi shi da kyau, tarihin wanda ke biyan waɗannan ne.

Zamanin kururuwa

Ƙasar Hausa ta daɗe da tsarin neman agaji, sunansa kururuwa. Wanda ɓarawo ya haura wa gida, ko wuta ta kama masa jinka, ko bango ya rufta wa iyalinsa, sai ya ɗaga murya maƙwabta su fito. In abin ya fi ƙarfin unguwa, mai unguwa ya aika wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya sanar da fada. In hari ne daga waje, a yi gangami. Ƙarfin wannan tsari shi ne mai kira da mai amsawa sun san juna, ba a bukatar kwatance. Ladan wanda ya fito kuwa irin na aikin gayya ne: yau gonarka, gobe tawa.

Bayan Turawa sun karɓe Zazzau a 1902, sai kuɗi suka shiga cikin lamarin a rubuce. Wajen 1911 aka soma kafa baitulmali a masarautun Arewa. Haraji da jangalin da aka tara sai a raba, wani kaso ya tafi ga gwamnatin Turawa, sauran ya zauna a baitulmalin En'e. Daga nan ake biyan dogarai, daga baya kuma 'yan doka, wato 'yan sandan En'e da aka tsara a ƙarshen shekarun 1920. Babu dalilin yin kewar wancan zamani. Haraji ya kori mutane daga garuruwansu, kuma 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka. Sai dai akwai abu guda da ba ya ɓoye: kowa ya san daga aljihun wa albashin ɗan doka yake fitowa, ya kuma san ƙofar da zai kai ƙara.

A daidai wannan lokaci ne Zariya ta soma zama gari mai iko biyu. Layin dogo ya iso a 1911, Sabon Gari ya tsiro kusa da tasha, aka yanka masa tituna a miƙe aka ba su sunaye, kuma da farko yana ƙarƙashin Turawa ne kai tsaye. Can 'yan sandan gwamnati ke aiki, cikin birni kuma 'yan doka. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a wurin. Ƙauyukan manoma da ke kewaye, irin su Bomo, suka cika da ma'aikata da ɗalibai da 'yan haya waɗanda ba su san juna ba. Kururuwa tana aiki ne inda aka san muryar mai yin ta. Gari in ya faɗaɗa haka, dole a sami wani abin da zai tallafa mata.

Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya. A 1976 aka yi gyaran da ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja. Amma daga nan kuɗin tsaro da agaji suka koma suna gangarowa daga asusun tarayya, daga Legas da farko, sannan daga Abuja. Igiyar da ke tsakanin mai biya da mai kawo ɗauki ta yi tsawon da mutumin Bomo ba ya hango ƙarshenta.

Gobarar da ta haifi 999

Lambar gaggawa ta farko a duniya ita ma gobara ce ta haife ta. A watan Nuwamba na 1935 wuta ta kama wani gida a titin Wimpole da ke Landan, mata biyar suka mutu. Wani maƙwabci ya yi ta ƙoƙarin kiran 'yan kwana-kwana, amma a wancan zamani sai ma'aikacin gidan waya ya haɗa ka da wanda kake nema, kuma ba shi da hanyar gane kiran gobara daga kiran gaisuwa. Mutumin ya jira a layi. Da ransa ya ɓaci ya rubuta wa jaridar The Times, magana ta kai majalisa, gwamnati ta kafa kwamiti. Ranar 30 ga Yuni 1937 aka buɗe lambar 999 a Landan. In an buga ta, jar fitila ce ke kamawa a ɗakin masu haɗa waya, ƙaho kuma ya ɗauki ƙara.

Abin lura a nan shi ne Landan ta riga ta mallaki rundunar 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da motocin asibiti, duka da kasafinsu daga harajin mazauna birnin. Abin da ya rage kawai shi ne gajeriyar hanyar kai musu labari. Wato an gina rijiya tukuna, sannan aka sayo guga.

Amurka ta biyo baya da shekara talatin. A 1967 wani kwamitin shugaban ƙasa kan yaƙi da laifuka ya ba da shawarar a sami lamba guda, kamfanin AT&T ya zaɓi 911, kuma ranar 16 ga Fabrairu 1968 aka yi kiran farko a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a Jihar Alabama. Amurkawa ba su kafa cibiya ɗaya ta ƙasa ba. Birane da gundumomi ne ke da cibiyoyinsu, dubbai ne a faɗin ƙasar, kuma yawanci ana tallafa musu da ɗan kuɗin da ake ɗorawa kan kowane layin waya duk wata. Ko a can ma hannu bai tsaya inda aka ce ya tsaya ba. Wasu jihohi sun riƙa karkatar da kuɗin 911 zuwa wasu hidimomi, har a 2008 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta wa hukumar sadarwarsu ta riƙa ba da rahoto duk shekara kan abin da aka tara da inda aka kai shi. Jihohin New York da New Jersey sun sha fitowa a jerin masu karkatarwa. Ba don Amurkawa sun fi kowa riƙon amana ba ne tsarin ya tsaya da ƙafarsa. Akwai takardar da ke tona asirin wanda ya taɓa kuɗin, kuma jama'a na karanta ta.

Ita kuwa 112 daga Turai ta fito. A 1991 ƙasashen da suka zama Tarayyar Turai suka amince da ita a matsayin lambar bai-ɗaya, aka kuma dasa ta cikin ƙa'idar wayar GSM, yadda kowace wayar hannu ke gane ta a matsayin kiran gaggawa. Da wayar salula ta bazu a Afirka, lambar ta zo a cikinta.

Daga NITEL zuwa cibiyoyin NCC

A zamanin NITEL, kamfanin waya na gwamnati da aka kafa a 1985, akwai lambar gaggawa 199. Amfaninta bai wuce gidajen da ke da tarho ba, kuma zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. A Zariya, masu lambar da ke farawa da 069 su ne ofisoshi da jami'a da gidajen manyan ma'aikata da attajirai. Mutumin Bomo in gobara ta tashi, muryarsa da keken maƙwabcinsa su ne wayarsa.

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka soma aiki. Cikin 'yan shekaru waya ta shiga hannun mai shayi da mai faskare. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa NCC alhakin samar da lamba guda ta neman agaji, hukumar ta zaɓi 112, ta kuma tsara gina cibiyar amsa kira ɗaya a kowace jiha da Abuja. Aikin ya ɗauki shekaru yana tafiyar hawainiya. An fi ganin motsinsa a lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗambatta ke shugabantar hukumar, daga 2015 zuwa 2023. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da cibiyar Abuja a watan Maris na 2020, kuma cibiyoyin Kaduna da Kano da Katsina suna cikin waɗanda hukumar ta bayyana cewa sun soma aiki.

Ga yadda aka tsara abin. Kiran kyauta ne daga kowane layi, ko babu kati a wayar. Yana faɗawa cibiyar jihar da mai kira yake. Ma'aikacin cibiya ya ji abin da ya faru da inda ya faru, sannan ya miƙa wa hukumar da abin ya shafa: 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko masu motar asibiti. Daga nan aikin cibiya ya ƙare. Ba ta da mota ko ɗaya, ba ta da ikon cewa wani ya tashi.

Wannan gefe na wayar yana da madogara. NCC tana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanonin sadarwa duk shekara, saboda haka duk mai sayen kati a Samaru yana da hannu a cikin abin da ke kunna fitilar cibiyar. Matsalar tana somawa ne daga lokacin da aka ajiye wayar.

Sarƙa ɗaya, masu ita da yawa

Mu bi kiran mutumin Bomo mataki-mataki. Cibiyar da ta ɗauka ta hukumar tarayya ce, kuma ita kaɗai ke amsa kiran jihar baki ɗaya, daga Birnin Gwari zuwa Kafanchan. In fashi ne, 'yan sanda na tarayya ne, domin sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta ƙasa. In haɗari ne a kan hanyar Sakkwato da ta ratsa Samaru, aikin hukumar kiyaye haɗurra ne, wadda aka kafa a 1988, kuma tana da tata lambar daban, 122. In gobara ce, akwai 'yan kwana-kwanan jiha, akwai na tarayya. In ambaliya ce ko rushewar gini, akwai hukumar NEMA da aka kafa a 1999, akwai takwararta ta jiha. In rashin lafiya ne, babban asibitin da ya fi kusa shi ne asibitin koyarwa na jami'a da ke Shika, na tarayya ne, kuma a Ƙaramar Hukumar Giwa yake. Sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba kuwa, tsarin mulki ya bar wa ƙaramar hukuma, wato Sabon Gari.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da kasafinsa da ubangidansa. Babu mutum ɗaya da za a tsayar a tambaye shi, "Me ya sa aka kira ƙarfe biyu, mota ta iso ƙarfe huɗu?" Mai cibiya zai ce ya miƙa saƙo. Mai mota zai ce ba a saki kuɗin mai ba. Direba zai ce an kwatanta masa "bayan masallaci, kusa da mai shayi", kuma masallatan unguwar sun fi goma.

An yi yunƙurin toshe wasu daga cikin waɗannan ɓarakoki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, ta ce kashi 5 cikin 100 na wannan asusu na jinyar gaggawa ne, ta kuma hana asibiti ya mayar da mai bukatar taimakon gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin. A 2017 aka yi dokar da ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2019 aka kafa asusun tallafa wa 'yan sanda. Kowace doka ta gyara nata zoben, ba wadda ta ɗinke sarƙar.

Akwai kuma wata tsohuwar cuta ta kasafin kuɗinmu. Gini da sabuwar mota suna da ranar buɗewa, a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Man dizal da taya da batir da albashin mai aikin dare ba su da irin wannan rana, alhali su ne aikin. Motar kwana-kwana da ba ruwa a tankinta, ko motar asibiti da aka jingine kan duwatsu saboda taya, kowane ɗan jarida da ya yi yawo a jihohinmu ya gan su.

Legas ta bi wata hanya. A 2007, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, jihar ta kafa asusun tsaro na musamman da kamfanoni da gwamnati ke zuba wa kuɗi, ana saya wa jami'an tsaro motoci da kayan aiki. Tana da cibiyar kiranta mai lamba 767 tare da 112, kuma hukumar agajin gaggawa da 'yan kwana-kwana da motocin asibitin da ake turawa duk na jihar ne. Legas tana da kuɗin shigar da Kaduna ba ta da shi, kuma mazaunanta ma suna kokawa da jinkiri. Amma a can mai ɗaukar waya da mai tura mota ubangidansu ɗaya, don haka akwai wanda za a kama da laifi.

Abin da ya rage wa Bomo

Zariya ta san ranakun da minti goma ke raba rai da mutuwa. Ranar 7 ga Yuli 2015 bam ya tashi a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa ana tsakiyar tantance ma'aikata, fiye da mutum 20 suka rasu. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Juma'a na birni ya rufta kan masu sallar la'asar. Jihar ta kuma ga yadda lambar kanta ke mutuwa: daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamban 2021 an katse layukan waya a wasu sassanta domin yaƙi da 'yan bindiga, kuma inda babu sabis babu 112. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin da muka bi ya nuna abubuwa uku da suka tsayar da wannan aiki a inda ya tsaya. Na farko, kuɗin gudanarwa da doka ta keɓe, waɗanda ba sa jiran sa hannun wani duk wata. Ba lallai ne a ƙara wa masu waya sabon haraji ba, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince a yi wa farashin kira da data a farkon 2025. Ana iya yanke kaso sananne daga abin da ake karɓa yanzu, a ɗaure shi da mai da gyara da albashi. Na biyu, mai alhaki guda a matakin jiha, wanda ikonsa ya kai daga ɗaukar kira zuwa isowar mota. Na uku, rahoton da ake bugawa: kira nawa aka samu daga Sabon Gari a wata, nawa aka tura wa mota, minti nawa ta ɗauka.

Tambayar dattijo ta biyu, "ta wace hanya", ita ce mafi sauƙin amsawa, kuma mai amsa ta yana kusa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, hujjar rashin kuɗi ta ragu a bakinsu. Turawa sun ba titunan Sabon Gari suna shekaru fiye da ɗari da suka wuce. Allon ƙarfe a bakin kowane lungu na Bomo da Hayin Dogo, da lamba a jikin kowace ƙofa, ba su kai kuɗin motar shugaban ƙaramar hukuma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: masu unguwanni sun san kowane lungu da sunan da jama'a ke kiransa, abin da ya rage a rubuta a miƙa wa cibiya. Mai karatu da ke da kansila a unguwarsa yana iya soma tambaya daga nan.

Bayan gobarar, gwaggona ta sa jikanta ya rubuta lambobi uku da gawayi a bangon zaure: ta mai Keke Napep ɗin da ke kwana a layinsu, ta shugaban 'yan sintiri, da ta wani ma'aikacin jinya da ke haya a gidan gaba. Da na koma gaishe ta bayan sallah, na karɓi gawayin na ƙara 112 a ƙasansu. Ta duba ta ce, "To, Allah ya sa su zo." Na ce amin.